Yadda muka kafa ƙungiyar tsoffin sojojin hulɗa da jama'a a Maraɗi

Shekara ashirin da tara na yi cikin kaki, kuma goman ƙarshe kusan dukansu na yi su ne a aikin da ake kira hulɗar soja da farar hula. In na faɗi haka a fada sai a tambaye ni wane irin aiki ne wannan. Amsar da na saba bayarwa ita ce, ni ne wanda ake turawa gaba ya yi sallama. Kafin ayarin motoci ya shiga gari dole wani ya je ya zauna da maigari da liman, ya ji rijiya nawa gare su, ya san ranar kasuwarsu, ya san hanyar da mata ke bi zuwa ɗibar ruwa don kada a kafa shinge a kanta. Bayan ayari ya wuce kuma dole wani ya koma ya ji ko mota ta taka shukar wani, ko akwai wanda aka ɓata wa rai ya haɗiye bai faɗa ba.

A Difa na san nauyin aikin. Bayan harin da Boko Haram ta kai Bosso da Difa ranar 6 ga Fabrairu 2015 aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawan babur, aka tsayar da cinikin tattasai da na kifin tafkin Cadi, saboda ana ganin ta nan maharan ke samun kuɗi. Ka je ka tsaya gaban mutumin da duk abin da ya mallaka tattasai ne a bakin Komadugu, ka ce masa don tsaronsa aka yi. Ba na jin Barbarci, sai da tafinta. A wani gari dattawa suka kawo mini kukan famfonsu da ya lalace, ni kuma don in kwantar musu da rai na ce in Allah ya so za a gyara. Ba ni da kuɗin, ba ni da ikon. Aka canza mini wurin aiki bayan wata biyu. Wanda ya gaje ni ya gaya mini cewa duk lokacin da ya je garin, maganar farko ita ce famfo, kuma tun daga nan ba su ƙara yarda da wata magana tasa ba. Alkawari kaya ne, ni na ɗauka, shi ya sha nauyin. Daren da na ji wannan labari na sayi ƙaramin littafi na fara rubuta abin da na yi daidai da abin da na ɓata. Da na yi ritaya a ƙarshen 2018 ina da irinsa guda bakwai, na zuba su cikin akwati a gidana na unguwar Zariya.

A 2019 mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka fara kwararowa jihar Maraɗi suna gudun 'yan bindiga, dubbai, yawancinsu ta wajen Gidan Rumji. Satar shanu da sace mutane don kuɗin fansa suka tsallako iyaka, garuruwan Madarumfa da Gabi suka daina barci. Wani dare bayan isha'i wani matashin hafsa, ɗan abokina, ya yi sallama a ƙofar gidana. An ba shi irin aikin da na bari. Ya ce, "Baba, gobe zan shiga wani gari da ke da masu gari biyu ba sa ga-maciji. Wa zan fara gaisarwa?" Muka kai ƙarfe ɗaya na dare. Na ce masa ya fara da liman, ya roƙe shi ya aika a kira su duka biyun zuwa ƙofar masallaci, don nan ba gidan kowa ba ne. Da ya tafi na kasa barci. Abin da ya dame ni shi ne da bai san gidana ba, da haka zai shiga garin, ya koyi darasin a kan mutane kamar yadda na koya.

Sai na tuna wani Ba'amurke da muka yi aiki tare lokacin atisayen Flintlock na 2014. Shi a garinsu likitan dabbobi ne, sai an kira shi yake sa kaki, kuma ya ce yawancin masu wannan aiki a sojan Amurka haka suke, sojojin ko-ta-kwana ne masu sana'o'insu. Ya ce suna da ƙungiya tun 1947, bayan yaƙin duniya na biyu, suna taro duk shekara, suna buga abin da mutanensu suka rubuta kan aikin. A lokacin ban ɗauki maganar da muhimmanci ba. Daren nan ta dawo mini.

Na fara bin mutane ɗaya-ɗaya. Wani sarjan da muka yi Difa tare yana sayar da kayan babur a Sabon Gari. Wani ajidan da ya yi aikin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya a Mali yana noma a Jiratawa. Wata Hajiya da ta yi shekaru a sashen lafiya na soja, ita ke shiga cikin gidaje wurin mata inda mu ba ma iya shiga. Sai wani kolonel mai ritaya, wanda ya san ofisoshin Yamai kamar tafin hannunsa. Mu goma sha huɗu muka hallara a taron farko, a gidan kolonel.

Wannan taro bai yi kyau ba, kuma ban gane dalili ba sai da na dawo gida. Kolonel da hafsoshi biyu suna kan kujeru, sauranmu muna kan tabarma, ba don an ce mu zauna haka ba, jiki ne ya saba. Kolonel ya yi magana, kowa ya ce haka ne. Sarjan ɗin da ya fi mu duka sanin ƙauyukan bakin iyaka bai buɗe baki ba har aka shafa fatiha. A hanya na tambaye shi, ya ce, "Ajidan, ina ni ina magana gaban kolonel?" Washegari na koma gidan kolonel da sassafe, gabana na faɗuwa. Na ce, "Mon kolonel, in muka tafi a haka, bariki muka sake ginawa. Abin da muke son tarawa yana bakin ƙananan nan, su suka zauna kan tabarmar mutane." Ya yi shiru har na ɗauka na ɓata. Can ya ce shekara talatin in ya yi magana shiru ake yi, har ya manta cewa shirun ba yarda ba ne. Shi da kansa ya kawo shawarar da muke bi har yau: a bar yin taro a gidan kowa, kowa ya zauna a tabarma, kuma a kowace magana mafi ƙanƙantar muƙami ne zai fara, babba ya zo ƙarshe. Ba a daina cewa mon kolonel ba, kuma ban so a daina ba, girma na mai girma ne. Amma ƙuri'arsa ɗaya, ta sarjan ɗaya.

Maganar wa zai zama mamba ta ci mana taro uku. Soja da ke bakin aiki doka ba ta ba shi damar shiga ƙungiyar ƙwadago ko ta siyasa ba, kuma ba mu so mu jefa yaranmu cikin abin da za a yi wa wata fassara. Muka tsaya kan masu ritaya kaɗai. Matasan da ke cikin kaki za su iya zuwa su saurara in shugabanninsu sun ba su izini, ba sa biyan komai, ba sa zaɓe. Tsoffin jandarmomi da tsoffin 'yan gardi da suka yi irin aikin muka buɗe musu ƙofa. Inda aka yi zafi shi ne kan tafintoci. Wasu suka ce ba su taɓa sa kaki ba. Hajiya ta ce, "Yaya, wanda ya ari bakinsa ya ba ka a garin da ba ka jin harshensu, kuma bayan ka tafi shi ya kwana cikinsu, shi za ka ce bai yi aikin ba?" Aka karɓe su a matsayin mambobin girmamawa. Ni na so a ba su cikakkiyar ƙuri'a, aka kayar da ni, har yau ina ganin an rage musu haƙƙi.

Daga nan sai takardu. A lokacin, dokar da ke tafiyar da ƙungiyoyi a Nijar ita ce mai lamba 84-06 ta ranar 1 ga Maris 1984, tun zamanin Seyni Kountché, wadda aka yi wa gyara a 1991. Ba ta yarda ƙungiya ta fara aiki ba sai ta bayyana kanta ga hukuma kuma an ba ta izini, izinin kuwa daga ministan cikin gida yake fitowa. Muka yi babban taron kafawa, muka rubuta rahotonsa, muka tsara kundin dokoki da dokokin cikin gida, muka jera sunayen 'yan biro, wato masu riƙe da shugabancin ƙungiya, da sana'arsu da inda suke zaune. Duk da Faransanci. Kolonel ya rubuta, ni kuma na dage sai an karanta kowace aya an fassara ta da Hausa a gaban kowa kafin a ɗaga hannu. Wannan ya ci mana Asabar huɗu, amma a nan aka kama wata aya da ta ba shugaba shi kaɗai ikon korar mamba, aka mayar da ita hannun babban taro.

Kuskure biyu muka yi, duka namu ne. Na farko a manufar ƙungiya. Mun rubuta cewa ta 'yan asalin Maraɗi ce da suka yi aikin. Ma'aikacin da ya karɓi dosiyen ya buɗe mana dokar ya nuna mana inda ta hana ƙungiya mai launin yanki ko ƙabila. Ya yi mana alheri, don da takardar ta tafi a haka da ta dawo. Muka gyara: ƙungiya ta duk ɗan ƙasa ce da ya yi aikin, mazauninta kawai ke Maraɗi. Gyaran ya fi abin da muka fara rubutawa dacewa da gaskiyarmu, don a cikinmu akwai Bazabarme da Babarbare da Buzu da suka yi aure suka zauna a nan. Na biyu shi ne takardar kotu mai shaida cewa ba a taɓa ɗaure mutum ba, wadda muke kira kaziye. Daga kotun inda aka haifi mutum ake karɓo ta, kuma wata uku take yi ta mutu. Mu da aka haifa nan muka karɓi namu cikin mako ɗaya muka ajiye. Kafin na wanda aka haifa a Gure da na wanda aka haifa a Dogon Dutse su iso, namu sun mutu. Sai da muka sake. Duk wanda ya zo neman shawara yanzu ina ce masa ya fara da na nesa.

Da muka ajiye dosiye aka ba mu rasit na wucin gadi. Aka yi binciken halinmu, aka kira 'yan biro ɗaya bayan ɗaya, aka tambayi maƙwabta. Wasu daga cikinmu sun ji zafin haka, wai bayan shekarun da suka ba ƙasa. Ni ban ji ba. Tsoffin sojoji sun taru sun ce za su kafa ƙungiya a jihar da ke bakin iyaka, in ni ne hukuma zan so in san me suke nufi. Shi ya sa tun kafin a kira mu muka sa manyan riguna muka je muka gaida hukumomin jiha da na soja, muka kai gaisuwa fadar Sarkin Katsinan Maraɗi da ta Sarkin Gobir a Tsibiri, muka faɗi abin da muke son yi da bakinmu. Ana cikin haka annobar korona ta shigo a Maris 2020, aka hana taruwa, komai ya tsaya. Ranar da takardar izini ta iso daga Yamai, kilomita fiye da 600, cikin ambulan a motar fasinja, sarjan ne ya je tasha ya karɓo. Muka biya aka buga sanarwa a jaridar gwamnati, muka sa aka sassaƙa mana hatimi, muka buɗe asusu a banki.

Na ɗauka wahala ta ƙare. Ashe takarda ce mai sauƙi, kuɗi ne mai wuya.

Mun yanka jika biyu a wata kan kowa. Wata shida na farko kuɗi suka taru, sai aka fara: matar wane ta haihu, mahaifiyar wane ta rasu, wane yana kwance a asibiti. Babu wanda zai iya cewa a'a, kuma bai kamata a ce ba. Amma da shekara ta zagayo ma'aji ya karanta lissafi, sai ga shi ba mu buga ko shafi ɗaya ba, ba mu je ko ƙauye ɗaya ba, kuɗin duka sun tafi suna da makoki. Mun zama adashi. Na faɗi haka a taro, wani dattijo da bai daɗe da binne ɗansa ba ya tashi ya fita, kuma yana da gaskiyarsa, don na faɗe ta babu taushi. Na bi shi gida da dare na ba shi haƙuri. Shi ne ma ya ce a raba akwati biyu: jika ɗaya ta zumunci, jika ɗaya ta aiki, kuma ko wa ya mutu ba a taɓa akwatin aiki, in na zumunci ya ƙare a yi karo-karo a take. Muka ƙara da cewa kuɗi ba sa fita sai da hannu biyu, na shugaba da na ma'aji, kuma duk taro ana karanta abin da ya shiga da abin da ya fita kafin a shiga wata magana, ko da dala biyar ce.

Gab da zaɓen Disamba 2020 wani attajiri ya aiko a kira ni. Maraɗi garin 'yan kasuwa ne, kuma hannunsu a buɗe yake, masallatai da makarantu da yawa su suka gina. Ya ce ya ji labarinmu, zai ba mu ofis da kujeru da kwamfuta, ya biya hayar shekara biyu. Abin da yake so kawai shi ne ranar da ɗan takararsa zai zo gari, mu fito cikin layi da lambobin yabonmu a ƙirji. Na ce, "Alhaji, Allah ya saka da alheri, zan kai wa 'yan'uwa." A taro an kai ruwa rana. Muna taruwa ne a wani aji da ake ara mana ranar Asabar, takardunmu suna cikin jakar leda, ga ofis ana miƙo mana. Wanda ya kashe maganar tsohon tafintanmu ne, wanda ba shi da ƙuri'a. Ya ce a ƙauyensu rabi suna wannan jam'iyya rabi suna waccan, ranar da aka ga hotonmu bayan ɗan takara, rabin garin sun rufe mana ƙofa ke nan. Muka koma mu uku muka yi wa Alhaji godiya muka ba shi haƙuri. Bai ji daɗi ba, amma muna gaisawa har yau.

Aikin da muka taru dominsa shi ne rubutu. Na fito da littattafaina bakwai, wasu suka kawo nasu, waɗanda ba su rubuta komai ba muka zaunar da su muka ɗauki muryarsu a waya. Kowane wata mutum ɗaya ke ba da labarin abu guda da ya faru da shi, a yi masa tambayoyi, sakatare ya rubuta da Hausa, daga baya a juya da Faransanci. Abin da ya fito ba irin na littafin koyarwa ba ne. Kada ka raba kaya a gari ba ka san wanda aka bari a baya ba, don buhun shinkafa goma a garin gida ɗari faɗa ka kai musu. In za a yi aikin duba marasa lafiya kyauta, a fara zama da ma'aikacin asibitin garin, a yi a wurinsa da sunansa, in ba haka ba ka tafi ka bar mutane suna ganin shi bai iya ba. Kada ka ɗauki hoton mutum yana karɓar taimako daga hannun soja a garin da 'yan bindiga ke da ido. In ka gina famfo ba ka bar kwamiti da mai gyara da inda za a sayi kayan gyara ba, shekara ɗaya zai yi. Ajidan ɗin da ya yi Mali ya ba mu labarin ƙananan ayyukan gaggawa da Majalisar Ɗinkin Duniya ke biya, ya ce waɗanda suka rayu su ne waɗanda mutanen gari suka zaɓa da kansu, ko da abin bai yi kyau a hoto ba. Hajiya ta ɗauki babi guda ita kaɗai kan shiga wurin mata, ta ce abin da mace za ta gaya maka a bakin rijiya game da inda samari suka ɓace ko hanyar da aka daina bi, maigari ba zai faɗe shi a zaure ba.

A kan wannan rubutu ne muka yi muhawara mafi nauyi tun da muka fara. Wani daga cikinmu, wanda aka sace ƙaninsa a wajen dajin Baban Rafi aka karɓi kuɗin fansa har sai da suka sayar da gona, ya ce tunda muna da mutane a ƙauyuka, mu riƙa tara sunayen waɗanda ake zargi suna kai wa ɓarayi labari mu miƙa. Ba maganar banza ya yi ba. Kowa ya san ɓarayi ba sa shiga gari sai da ɗan gari. Na dube shi na rasa ta inda zan fara. Abin da muka tsaya a kai bayan taro biyu shi ne, kowannenmu ɗan ƙasa ne, in ya san wani laifi wajibinsa ne ya kai wa hukuma da ƙafarsa da sunansa. Amma ƙungiya ba ta tara sunaye, kuma a rubutunmu babu sunan mutum, babu sunan ƙaramin ƙauye. Dalilinmu biyu ne. Zargi a ƙauye sau da yawa tsohuwar gabar gona ce ko ta aure ta sake riga, mun ga haka a Difa da idonmu. Sannan ranar da maigari ya gane shayin da ya sha da mu ya zama rahoto, ba mu kaɗai muka rasa shi ba, har matashin hafsan da zai zo bayanmu, shi kuma maigarin mun sa wuyansa a bakin wuƙa. Ɗan'uwan namu bai gamsu ba. Ya yi wata biyar bai zo taro ba, sannan ya dawo, bai sake tayar da maganar ba, mu ma ba mu tayar ba.

Fita ƙauye kuwa ba ma yi sai an gayyace mu, kuma ba kaki, ba lambar yabo. Yawanci lokacin kaka ne, gab da ranar da hukuma ke tsayarwa ta sakin gonaki, lokacin da garken da suka yi damina a arewa wajen Dakoro da Bermo ke gangarowa, amfanin gona kuma bai gama shiga rumbu ba. Duk ɗan jihar nan da ya manyanta ya san abin da ya faru a Toda a 1991, inda aka kashe mutum fiye da ɗari, yawancinsu mata da yara, kan rikicin manoma da makiyaya. Ƙasa tana da dokar karkara tun 1993, akwai kwamitocin filaye, akwai burtali da aka shata. Mu ba alƙalai ba ne, ba ma shiga aikinsu. Abin da muke yi shi ne irin wanda muka saba: kwana biyu kafin zama, biyu daga cikinmu su je wurin arɗo a rugarsa, su sha nono, su ji nasa, maimakon a aika masa ya zo ƙofar maigari kamar wanda ake tuhuma. In ya zo zaman ya riga ya san akwai wanda ya ji shi. Sau ɗaya wani hakimi ya ce mana, "Ku dai ba ku kawo komai ba, amma yau an tashi ba a ɗaga murya ba." Na ce, "Ranka ya daɗe, abin da muka zo yi ke nan."

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 abubuwa sun yi mana nauyi ta wata fuska. Aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, kaya suka yi tsada a garin da rabin cinikinsa da Katsina da Kano yake. Masu biyan kuɗin wata suka ragu, muka sauke shi zuwa jika ɗaya na wani lokaci ba tare da an kori kowa ba. Mutane a gari suka riƙa tsayar da mu suna cewa yanzu lokacinku ne, ku nemi muƙami, ku kai mu wurin wane. Amsar da muka ba Alhaji a 2020 ita muka maimaita. Kowa yana da ra'ayinsa kan al'amuran ƙasa, yana faɗinsa a gidansa da fadarsa, a tabarmar ƙungiya kuwa maganar aiki ake yi.

Kundinmu ya ce shugaba wa'adi biyu yake yi na shekara biyu-biyu. Da nawa ya cika wasu suka ce a gyara ayar in zarce, tunda ni na fara. Na ƙi, na kuma roƙi kada a sake kawo maganar. Aka yi zaɓe da 'yan takardu cikin ƙwarya, mutum biyu suka tsaya, sarjan ɗin nan mai kayan babur ya ci da ratar ƙuri'a uku. Kolonel ne ya fara tashi ya miƙa masa hannu. Na ba shi hatimi da littafin banki da takardar izini a gaban kowa, ma'aji ya karanta abin da ke cikin akwatunan biyu, ya sa hannu ya karɓa.

Yanzu aikina shi ne littafin. Mun kai shafi tamanin da wani abu, an buga kwafi kaɗan an ɗinke, mun miƙa wa hukumar soja ta jiha don ta duba kafin ya shiga hannun matasa. Babin tafinta ne ya rage, kuma shi ya fi ba ni wuya, don waɗanda suka san shi ba sa son a ɗauki muryarsu. Akwai wani dattijo a Tasawa da ya yi wa ayarori tafinta da Fulatanci shekaru da yawa, ya aiko cewa ya yarda in zo amma ba waya, da biro da takarda kawai. Ranar Asabar bayan asuba zan kama mota, na riga na sayi goro da sukari.